Abin da Darakta Ya Goge

Fuskata ce a kan allon kwamfutar, na gan ta da idona. Ni ce cikin farar riga, na kwantar da kai a kafaɗarsa, ina dariya har da haƙora.

Na danna ƙaramin hoton don ya buɗe da girmansa.

Ya yi ɗan dishi-dishi... ya washe... sai ga fuskar Mai Kwalliya!

Ta turo leɓe gaba, ta lumshe ido ɗaya, ga gashin idon nan da take mannawa kamar tsintsiya.

"A'a!" in ji Mama, uwar mutumin da zan aura nan da sati uku. Ta gyara zaman tabarau ta matso. "Wannan ai 'yata ce! Kai, amma fa ta yi kyau."

Na danna na biyu. Ni da shi a bakin ruwa, yana riƙe da hannuna. Kafin in ƙifta ido muka ɓace, Mai Kwalliya ta fito riƙe da burushin hoda.

Na uku ma haka.

Na huɗu ma haka.

"Ke yarinya, ni fa ba wasa na zo yi ba," Mama ta ce. "An ce in zo in zaɓi hoton da za a wanke babba a kafa a wurin biki. Ina hotunan naku?"

Mai Kwalliya na zaune a hannun kujerar Mama tana latsa waya. 'Yar aminiyar Mama ce, ita Mama ta so ɗanta ya aura tun farko, kuma ba ta taɓa ɓoye min hakan ba. Ba wanda ya gayyace ta ranar, amma ta zo, ta sha ado kamar ita ce amaryar.

"Ƙila kwamfutar ce ta fi son fuskata," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

Na cire hannuna daga kan linzamin kwamfutar.

Ni mai gyaran hoto ce. Shekara huɗu ina zaune a ɗakin baya na situdiyon nan, a saman wani kantin magani, inda taga ɗaya ce kuma na rufe ta da baƙin labule don kada hasken rana ya ruɗe min launi. Mai situdiyon shi ne masoyin nawa. Shi ya sa wa kansa suna Darakta, ya buga a ƙofa da ruwan gwal, ya buga a bayan riga, har a jikin kofin shayinsa. Idan ya je ɗaukar hoto ɗora yatsa yake a kan maɓalli ya manta da shi, ya dawo min da hoto dubu uku na taro ɗaya. Ni zan tsince ɗari biyu, in miƙe wanda ya karkace, in tashi hasken wanda ya yi duhu, in cire wa mutane gumi da ƙuraje. Sai a kai wa masu shi su ce, "Kai, Darakta gwani ne!" Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce baiwa ce.

Mama kuwa ko sunan sana'ata ba ta iya faɗa. "Mai goge ƙurajen nan" take ce min a gaban ƙawayenta.

Ni na dage aka sa wa kwamfutar sabon faifan ajiya, irin wanda ake kira SSD. Tsohon faifan da ke ciki irin mai juyawar nan ne, gurnani yake kafin ya buɗe hoto ɗaya, sai ka sha shayi ka dawo yana nan yana tunani. SSD ɗin bai kai tafin hannuna ba, ba abin da ke motsi a cikinsa, hoto na buɗewa kafin ka ɗage yatsa. Matsalarsa ɗaya, giga ɗari biyar ne kacal, kuma a wurin mai ɗauka irin ta Darakta wannan ba komai ba ne. Sai na mayar da tsohon faifan rumbun ajiya, na rubuta doka a takarda na manna a gefen allo: ƙarami na aikin da ke hannu, babba na aikin da aka gama, kuma ba a goge komai sai an tabbata yana wuri biyu.

Kullum a gaban takardar nan Darakta yake gyara gashin bakinsa. Ban taɓa ganin ya karanta ta ba.

Babana ya gane shi tun ranar farko. Da ya zo gaisuwa ya tafi, Baba ya kira ni ya ce, "Auta, mutumin nan yana gaishe ni yana duba fuskarsa a gilashin tagar bayana." Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ce Baba ba ya son farin cikina. Shekara biyu muna wannan daga kafin ya gaji ya ce to. Ranar da ya amince, ni da Darakta muka tafi wani lambu a bakin ruwa, ya kafa kamara a kan ƙafafunta, muka ɗauki hoto ɗari huɗu mu biyu kawai. Na zuba su a SSD don in gyara su a tsanake. Kashegari yayata ta haihu, na tafi wurinta kwana goma. Daga tashar mota na kira shi.

"Hasken idona, don Allah ka kwafe hotunanmu a babban faifai kafin ka share katin kamarar."

"An gama, Zumata," ya ce.

Da na dawo aikin mutane ya sha kaina, wata biyu ban samu sukunin taɓa namu ba. Amma kullum da safe ina ganin ƙananan hotunan a jere cikin manhajar gyaran hoto, in yi musu murmushi in wuce. Na manta da abin da na fi kowa sani, cewa ƙaramin hoton da manhaja ke nunawa inuwa ce kawai. Asalin yana iya tafiya inuwar ta zauna.

Ƙamshin turarensa ne ya riga shi shigowa.

"Zumata! Sanyin idona! An zaɓa? Mama, kin ga yadda ɗanki ya fito?"

Ya zare baƙin gilashi, ya kalli allo, ya yi turus.

"Ina hotunanmu?" na ce.

"Ai... ga su nan."

"Wannan ni ce?"

"Ƙila cuta ce ta shiga kwamfutar. Kin san abubuwan nan..."

"Cuta mai jan baki?"

Mai Kwalliya ta yi 'yar dariya ta toshe baki da waya.

Na duba inda manhajar ke ɗauko hotunan. Ba daga foldarmu ba ne, wannan babu ita ma gaba ɗaya. Daga wata folda ce mai suna Tallan Kwalliya. Nan na gane komai. Kamararsa duk sanda aka share kati sai ta koma ƙirga daga ɗaya, don haka hotonmu na ɗaya da nata na ɗaya lambarsu guda, haka har zuwa ɗari huɗu. Idan asalin hoto ya ɓata, manhajar kan sa alamar tambaya a kusurwar inuwarsa. Wani ya ga alamun nan, ya ce wa manhajar ga inda hotunan suka koma, ya nuna mata foldar Mai Kwalliya. Alamun suka ɓace, inuwata ta ci gaba da murmushi, har sai ranar da aka buɗe.

Na jona babban faifai na bincika lungu-lungu. Babu.

Kwandon sharar kwamfutar? An zubar tas.

"Ka ce min an gama," na ce.

Ya sosa ƙeya. "Zumata, ki saurare ni. Na yi niyya wallahi. To sai aikinta ya zo da gaggawa, muna cikin zubawa kwamfutar ta ce wuri ya cika, ga kati na ƙarshe bai shiga ba..."

"Sai ka goge mu."

"Ita ce fa ta ce ai ke ba kya zama ba kwafi!"

Ya nuna ta da yatsa kamar ɗan makarantar da aka kama. Namiji guda, da gashin baki da ruwan gwal a ƙofa.

"Alamar tambayar fa? Wa ya ɓatar?"

"Ita ta nuna min yadda ake yi. Ta ce don kada hankalinki ya tashi."

Sai a lokacin Mai Kwalliya ta ɗago. "Ni shawara na bayar," ta ce tana duba farcenta. "Yatsanka ne ya danna."

Na kalle ta. Abin mamaki, ban ji haushinta kamar yadda na zata ba. Ta san abin da take so, ta ɗana tarkonta, ta yi wanka ta zo kallon ranar da zai kama. Aƙalla ita ta yi tunani. Shi fa?

"Kai, ku daina tayar min da hankali," ya ce, murya ta dawo masa. "Ai ana dawo da su! Injiniya ya taɓa dawo mana da hotunan taron nan da na goge bara. Bari in kira shi."

Na san amsar, amma na bar shi. Ko ni ɗin ma akwai wani ɗan wawan fata da ya rage a zuciyata.

Injiniya dattijo ne mai shagon gyaran kwamfuta a ƙasan benen, gefen kantin maganin. Ya hawo yana haki, ya zauna a kujerata, ya yi 'yan dube-dubensa na kusan rabin awa. Mama na gefe tana fifita da jakarta tana tsaki.

"A kan wanne aka goge?" ya tambaya.

"Ƙaramin," na ce.

"Yaushe?"

"Wata biyu."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ɗana, na bara a tsohon faifai ne. Shi idan ka goge abu, sunan kawai yake cirewa daga jeri, abin na nan kwance sai an rubuta wani a kansa. Wannan kuwa da ka zubar da kwando yake bin wurin ya share da kansa, don ya ci gaba da saurinsa. Ko kwana biyu ne ba zan yi maka alkawari ba, balle wata biyu kuna ta zuba aiki." Ya juyo gare ni. "Ki yi haƙuri, 'yata. Na duba, babu ko ɗaya."

Da ya fita, Mama ta miƙe ta gyara mayafi.

"To sai me? A kan hoto za a tsaya ana kumbure-kumbure? Ku koma lambun ku sake ɗauka mana! Ke ko godiya ba kya yi, ɗana ya tsallake mata irin wannan ya zaɓe ki."

"Haka ne, Zumata," ya ce da sauri, ya durƙusa gefen kujerata. "Gobe-goben nan. Rigar na nan, lambun na nan. Ba ni da zaɓi ne ranar, wallahi wuri ya cika."

Ba shi da zaɓi!

Da bai faɗi wannan ba, ƙila da na haɗiye. Na saba haɗiyewa.

"Zo ka gani," na ce. "Mama, ke ma don Allah ki matso."

Na buɗe 'yar manhajar da nake duba cikar faifai da ita. Tana zana duk abin da ke ciki akwati-akwati, babbar folda babban akwati, ƙarama ƙarami, ko wanda bai san kwamfuta ba zai gane.

"Wannan jan akwatin, mene ne sunansa?"

Ya kau da kai.

"Karanta mana, Darakta."

"Motata," ya ce can ƙasa.

"Giga saba'in. Motarka daga gaba, motarka daga baya, tayar motarka, motarka cikin ruwan sama. Wannan shuɗin fa?"

"Darakta a Bakin Aiki."

"Giga arba'in, duk fuskarka ce. Kai riƙe da kamara, kai kana kallon sama kamar mai tunani. Wannan kuma nata ne, giga casa'in, mace ɗaya da leɓe ɗaya hoto dubu biyu da wani abu. Ka san nawa namu yake?"

Bai sani ba. Ko wannan bai sani ba.

"Sha shida."

Na kai linzami kan akwatin da ya fi kowanne girma, ruwan toka, can a kusurwa.

"Wannan tarkacen wucin gadi ne da manhaja ke tarawa idan ana aiki. Ba hoton kowa a ciki. Duk ƙarshen wata nake zubar da shi, kana tsaye a kaina kana shan shayi."

Na danna sau biyu. Muka zuba ido, layin ya cika, akwatin ya ɓace. Giga ɗari da goma suka buɗe, ko minti biyu ba a yi ba.

Har Mai Kwalliya ta sauke wayarta.

"Ban san da wannan ba," ya ce.

"Na yarda ba ka sani ba. Amma ka san motarka. Ka san fuskarka. Ga babban faifai a gefen hannunka, waya ɗaya za ka jona ka kwashe su can. Ga lambata, da ka kira da na gaya maka. Ka duba duk abin da ke cikin kwamfutar nan, ka nemi wanda ba za ka ji zafin rashinsa ba, sai idonka ya faɗa a kanmu."

"Haba Ƙalbina..."

"Kuma wata biyu! Wata biyu ina shigowa da safe ina yi wa inuwa murmushi, kana tsaye a bayana kana cewa mun dace. Ka san babu komai a wurin!"

Muryata ta karye a nan, na ji haushin kaina. Ina son mutumin nan, abin kunyar ke nan. Ina kallonsa durƙushe yana kare gwiwar wandonsa da hankici don kada ta yi ƙura, na raina shi har cikin raina, kuma duk da haka ƙirjina ciwo yake.

Na tashi na haɗa kayana. Ba su da yawa: allon zanena da alƙalaminsa, kofina, da 'yar matashiyar da nake sawa a baya. Na cire makullin situdiyo daga cikin nawa na ajiye a kan tebur.

"Ina za ki?" in ji Mama. "An fa raba katin biki!"

"Mama, ga hotuna nan dubu biyu a shirye, ki zaɓi wanda za a kafa. Sai dai ba a goge musu ƙuraje ba."

Mai Kwalliya ta kai hannu kumatunta ba ta sani ba.

Ya biyo ni har matakala yana kiran Zumata, Zumata, amma da ya hango masu sayen magani sun ɗago kai, sai ya tsaya ya mayar da baƙin gilashinsa.

Abin da na fi tsoro shi ne Baba. Na tarar da shi a tsakar gida yana ɗaure ƙafar wata kujera da waya. Na durƙusa na faɗa masa komai, ina jiran ya ce ai na gaya miki. Na ma shirya yadda zan sunkuyar da kai.

Ya ci gaba da murɗa wayar a ƙafar kujerar.

"Kin tabbata, Auta? Ba fushi ba ne?"

"Na tabbata, Baba."

"To. Ni zan je in sami mutanensa, ke kada ki ce wa kowa komai." Ya ɗago ya dube ni. "Tashi ki wanke fuskarki, kin ji? Ba ki yi laifi ba."

Da zagi ya yi min da ya fi min sauƙi. Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi a gabansu ba.

Sati uku na yi ba ko saƙo daga wurinsa. Na kafa 'yar kwamfutata a kan teburin ɗinkin yayata da ta bari, masu ɗaukar hoto biyu da suka san hannun wa ke bayan gwanintar Darakta suka fara kawo min aiki. Na ce wa kowa na warke. Ƙarya nake, duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ranar da ya kamata a ce ranar aurenmu ce, da hantsi, ina cikin gyara hoton wasu tagwaye, wayar ta ɗauki ruri.

Shi ne.

Na bar ta ta yi ƙara sau huɗu don kada ya ce jira nake. Jiran kuwa nake. Na riga na tsara a raina: idan ya ce ya gane abin da ya yi, ba zan amsa da wuri ba, zan ja masa rai kwana biyu, sannan... Allah Ya sani.

"Zumata..."

Muryar a sanyaye, kamar wanda bai yi barci ba.

"Ina ji."

"Ban san yadda zan fara ba. Tun da kika tafi komai ya tsaya min."

Na rufe ido. Na damƙe bakin teburin.

"Faɗi," na ce a hankali.

"Wallahi komai ya tsaya. Ga masu aiki sun cika min ofis, ga kwamfutar ta sake cewa wuri ya cika, na nemi akwatin nan ruwan toka ban gane inda kike shiga ba... Zumata, don Allah me zan goge?"

Na buɗe ido. Tagwayen na kan allo suna kallona, ɗaya na kuka ɗaya na dariya. Na saurari ƙirjina ko zan ji ciwon nan, na ji wayam.

"Kana da biro a kusa?" na ce.

"Ga shi, ga shi! Faɗi, Sanyin idona."

"Lambata za ka goge."

Na kashe wayar, na kife ta a kan tebur, na ci gaba da tashin hasken fuskar mai kukan.